Tayar Baya ta Dama

Tun daga bakin layi Isa ya hango babu motar. Ya tsaya cak, sabon tub na cikin taya rataye a kafaɗarsa, yana kallon ƙofar gidansu da ke Rikkos. Inda ya ajiye a-kori-kurarsa ɗazu babu komai sai dutsen da ya tare tayar gaba da shi, an ture shi gefe, da sawun taya a kan jar lakar damina.

Ba ɓarawo ne ya zo masa a rai ba. Ina ma ɓarawon ne, ya je can ya ƙarata! Abin da ya tsorata shi shi ne abin da ke cikin tayar baya ta dama, wanda duk duniya shi kaɗai ya sani.

Da safiyar nan, yana dawowa daga Mangu da lodin dankalin Turawa, ƙusa ta huda masa tayar a tsakiyar daji. Safayarsa kuwa gefenta ya tsage tun kwanakin baya, tana can yashe a rumfar mai faci. Sai ya yi abin da direbobin hanyar ƙauye ke yi in ta kama su. Ya ɗaga motar da jak, ya zaro tub, ya lalubo hujin, ya tattare wurin kamar bakin buhu, ya ɗaure tam da robar tsohon tub, ya mayar, ya buga iska da famfon hannu. Wannan ba gyara ba ne, lallashi ne. Haka ya lallaɓo ta har Jos kamar mai kora tsohuwar saniya. In iskar ta fara zurarewa sai ya ji gindin motar yana lilo, ta fara jan sa dama, ya tsaya ya sake bugawa har kafaɗunsa suka yi tsami. Ya sauke dankali a kasuwa, ya kawo ta ƙofar gida.

To, a nan ya tafka kuskuren. Don kada motar ta zauna a kan tayar, har ƙarfen wili ya cinye mata gefe, kafin ya tafi neman sabon tub sai ya sake cika ta da iska tam. Ta miƙe ta yi ɓul-ɓul, kyakkyawa da ita, ko shi da ya ɗaure ta sai ya rantse lafiyarta ƙalau. Matarsa Hassana ta tafi injin niƙa, mahaifiyarsa tana barci, bai ga wanda zai gaya wa ba, bai ma ga dalilin faɗa ba. Ya rataye makulli a ƙusar zaure inda ya saba, ya kama hanya.

Ya faɗa gidan ko sallama babu. Mahaifiyarsa Inna Jummare tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu, idanunta sun yi ja.

“Inna, ina motar?”

“Sai haƙuri, Isa. Surukinka Allah ya yi masa cikawa a Tilde. Ɗazun nan ɗan aike ya zo, ya ce ana idar da azahar za a kai shi. An neme ka har tasha ba a gan ka ba.”

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Motar fa, Inna?”

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dube shi sama da ƙasa. “Kai, ji wannan yaro! Ana maganar uban matarka kana maganar ƙarfe? Ɗanbala ya kwashi mata a ciki sun tafi. Ko sai an jira izininka?”

Ba a jira ba, ba kuma za a jira ba. A layin nan, tun zamanin da iyayensu suka zo haƙar kuza, in aka yi rasuwa ba a tambayar mota. Wadda aka samu a ƙofa ita ce ta mamaci, mai ita ya ji labari daga baya, kuma bai isa ya ce uffan ba. Shi kansa Isa ya sha ɗaukar ta wasu haka. Amma Ɗanbala! Ƙaninsa tela, wanda bai daɗe da koyon tuƙi ba, wanda in ya kama sitiyari yake riƙe shi kamar za a ƙwace masa.

“Su waye a ciki?”

“Hassana, da Asta maƙwabciya, da matan gidan Jika, wa zai ƙirga su? Sun cika bayan tam.”

“Hasiya fa?”

“Tana gindin uwarta mana. Wa za ta bar wa?”

Hasiya 'yarsu ce, ita kaɗai gare su, bana ta fara iya kiran sunan kowa a gidan. Isa ya san hanyar Tilde kamar tafin hannunsa. Da an wuce Naraguta sai gangare, kwana bayan kwana, kwazazzabo a hannun dama, ga kwalta ta sha ruwan safe. Lodin mutane a baya, taya tana zubar da iska, direba bai san komai ba. In Ɗanbala ya ji motar tana lilo ya tsorata ya danna birki da ƙarfi, gindinta zai zagayo gaba, su tafi ƙasa gaba ɗaya.

Bai tsaya yi wa Inna bayani ba. Ya yar da tub ɗin a tsakar gida ya fita da gudu.

Gida na uku da nasu, Dantong yana tsugune yana wanke babur ɗinsa. Mutumin Birom ne, makanikin famfunan ruwa a ramukan kuza, kuma babur ɗin nan ya fi son shi da tuwon dare. Ko matarsa ba ta taɓa shi sai da izini.

“Dantong, tashi! Don girman Allah tashi ka bi da ni hanyar Bauchi!”

“Malam Isa, lafiya? Ai motarka ya wuce tun ɗazu, na ga Ɗanbala yana kora shi kamar...”

“Tayar baya ɗauri ce! Roba na ɗaure ta da ita, Hassana da yarinya suna ciki!”

Dantong ya yar da tsumman, ya buga babur sau ɗaya ya tashi, kumfar sabulu tana zuba daga tankin. Isa ya haye baya suka fita layin, kaji suna watsewa.

Garin ranar kamar da gangan. Wata tifa ta tsaya tsakiyar titi tana juyawa a hankali, kamar uban direban ne ya shimfiɗa kwaltar. Gaba kaɗan garken shanu suna tsallakawa, makiyayin ya saƙale hannuwa a sanda ko a jikinsa. Dantong ya kutsa ta tsakaninsu, ƙahon wani bijimi ya gogi gwiwar Isa, bai ma ji ba sai daga baya. Bakin Isa yana ta motsi, shi kansa bai san ko addu'a yake yi ko zagin kansa ba. Me ya kai shi cika tayar nan? Da ya bar ta ta kwanta, da ko makaho ya san ba mota ba ce ta hawa.

A bakin gari, inda mata ke sayar da gasasshiyar masara, Isa ya daki kafaɗar Dantong suka rage gudu, ya tambayi wata dattijuwa.

“Baba, kin ga farar a-kori-kura cike da mata?”

“Masu kuka? Sun tsaya nan suka ɗauki wasu biyu. Ba su yi nisa ba.”

Wasu biyu kuma! Isa ya runtse ido. Kowace mace da ta hau, nauyinta a kan ɗaurin nan yake sauka.

Suka wuce Naraguta, gidaje suka ƙare, duwatsu suka fara. Iskar Jos mai sanyi tana dukan fuskar Isa amma rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. A kowace kwana sai ya leƙa gefen dama, yana neman abin da ba ya son gani, ciyawar da aka kwantar ko zanen mace a kan ƙaya. In bai gani ba sai ya ja numfashi, kwana ta gaba kuma ya sake riƙe shi. Da suka kai wani wuri mai ruwa-ruwa, sai ya ga sawun mota a kan kwalta. Na hagu siriri ne, na dama ya yi faɗi, gefensa biyu sun fi tsakiyarsa fitowa. Ya san wannan sawun. Tayar ta fara tafiya a kan gefenta.

“Ƙara wuta, Dantong!”

“Iyakarsa ke nan, Malam! In na ƙara, mu ne za a kwasa!”

Sai ga ta. Can ƙasa, a farkon dogon gangaren, farar motar tana tafiya da mayafai kala-kala a bayanta. Ko daga nesa ana ganin ta karkace dama. Gindinta yana zuwa nan yana zuwa can, kamar jelar kifi. Duk lokacin da ta ja dama, Ɗanbala sai ya fizgo sitiyari hagu da yawa, ta wuce tsakiyar titi, ya sake mayar da ita. Kuma gudu take yi wanda bai kamata ba. Da suka matso Isa ya kasa kunne bai ji kukan inji ba, sai ya gane abin da ya faru. Shashashan ya sa ta a firi! Ya ga direbobin tasha suna cire giya a gangare don tattalin mai, shi ma ya kwaikwaya, ga shi mata suna ta ce masa ya yi sauri kada a fita da gawa.

Suka iso bayanta. Tayar ta baje, gefenta yana naɗewa ƙarƙashin wili yana fitowa, warin ƙonanniyar roba ya cika hanci. Matan sun rirriƙe ƙarfen bodi da junansu. Hassana tana can kusurwar dama, daidai kan tayar, ta rungume Hasiya, ta rufe fuska da mayafi. Yarinyar ce ta fara ganin sa. Ta miƙo hannu tana dariya.

“Baba! Ga Baba!”

Dantong ya ɗaga yatsa zai danna hon. Isa ya damƙe hannunsa.

“Kada ka kuskura! In ya firgita zai taka birki. Bi ta hagu, kai ni saitin tagarsa.”

“Hannun masu tahowa ne fa.”

“Na sani. Kai ni.”

Babur ya fita hagu ya jera da motar. Da gindinta ya yi lilo sai bodin ya zo dab da gwiwarsu, ya koma. Ɗanbala yana ciki ya sunkuya kan sitiyari, idanunsa kamar za su faɗo, leɓensa ya bushe. Ashe ya daɗe da sanin akwai matsala, tsoro ne ya hana shi yin komai. Da ya waiga ya ga yayansa a kan babur, ƙafarsa ta yi abin da Isa yake gudu. Ya danna birki.

Motar ta yi ƙara, gindinta ya zame dama, tayar ta sauka daga kwalta ta watsa tsakuwa cikin kwazazzabo. Matan suka ɗauki salati gaba ɗaya.

“Saki! Saki birkin!”

Ya saki. Motar ta yi tangal-tangal ta dawo kan titi. Isa ya danne fushinsa. Da a gida ne, da ya zazzage wa yaron nan zagin da bai taɓa ji ba. Amma ya tausasa murya kamar mai magana da mara lafiya, ko da yake sai ya ɗaga ta saboda iska.

“Ɗanbala, dube hanya, kada ka dube ni. Tayar baya ce ta sace, ba komai ba ne. Riƙe sitiyari daidai, kada ka fizga.”

“Yaya, ba ta jin magana! Wallahi ba ta ji!”

“Za ta ji. Taka kuloci, sa giya uku.”

Giyar ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ta ƙi shiga.

“Ɗan ba ta wuta kaɗan, ka sake sawa!”

Ta shiga. Inji ya yi gurnani, motar ta ɗan dafe, matan suka zube kan juna. Gudun ya ragu amma bai isa ba. A gabansu gangaren ya ƙare da kwana mai tsanani zuwa hagu, da 'yar gada a gindinta. Mota mai lafiya ma sai ta rage gudu a wurin. Wannan in ta shiga kwanar a haka, duk nauyin zai koma kan tayar da ta mutu.

“Yanzu birki, amma a hankali. Kamar keken ɗinkinka. Taka, saki. Taka, saki.”

“Yaya, ina tsoro!”

“Ni ma ina tsoro. Taka, saki!”

Ƙafar tela ta san wannan aikin ko mai ita ya ruɗe. Ya taka, ya saki. Motar ta ɗan yi lilo ta miƙe. Ya sake takawa. Isa yana faɗa yana bugun ƙofar da tafin hannu, Ɗanbala yana bin bugun. Gudun ya fara mutuwa. Can baya aka ji wani fat-fat-fat, tayar ta fita daga wili tana dukan bodi, ƙarfe ya fara cin kwalta yana tartsatsi.

“Malam Isa!” in ji Dantong.

Isa ya ɗaga kai. Wata gingimari ce ta fito daga kwanar tana hawowa, cike da buhuna, tana hannunta, su ne suke kan hanyarta. Direban ya danna hon, ƙarar ta cika duwatsun. A hagu dutse ne, a dama a-kori-kurar. Komawa baya ya wuce lokaci. Dantong ya murɗa totur iya ƙarfinsa, ya kutsa ya yanko gaban a-kori-kurar. Saura kaɗan su tsira. Bambar a-kori-kurar ta taɓa tayar babur ta baya, taɓawa ɗaya.

Isa bai ji faɗuwar ba. Ya dai ga sama, ya ga kwalta, ya sake ganin sama. Da abin ya lafa ya samu kansa kwance a bakin titi, bakinsa cike da ƙasa da jini, hannunsa na dama yana ƙarƙashinsa ta inda hannu ba ya lanƙwasawa. Ya yunƙura zai tashi, ƙirjinsa ya ƙi. Ya juya kai da ƙyar.

Motar ta tsaya. Tana nan karkace a bakin gada, wili ya nutse cikin tsakuwa, hayaƙi yana fita daga ragowar tayar. Tsakaninta da bakin kwazazzabon ko tabarma ba za a shimfiɗa ba. Mata suna ta dirowa, wasu suna kuka, wasu sun zube a ƙasa suna hamdala. Ɗanbala ya fito ya durƙusa yana amai. Can gefe Dantong yana ɗingishi, wandonsa ya yage, gwiwarsa tana jini, ya tsaya kan babur ɗinsa da ya lotse yana cewa, “Kai, kai, kai.” Sai Isa ya ga Asta ta sauko da Hasiya, yarinyar tana tsala ihu da dukan ƙarfinta, ƙafafu biyu, hannuwa biyu. Bai taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Ya mayar da kansa ƙasa, hawaye suka gangaro masa cikin kunne.

Hassana ce ta fara isowa. Ta zube a gabansa, ta rasa inda za ta taɓa.

“Baban Hasiya! Wayyo Allah, Baban Hasiya, ka yi magana!”

“Ina ji. Kowa ya sauka?”

“Kowa ya sauka. Dubi hannunka, na shiga uku!”

Direban gingimarin ya tsaya can sama ya sauko da gudu, yana faɗa yana salati lokaci guda. Da ya ga hannun sai faɗan ya tsaya. Ya ce a ɗauko shi, Jos za shi, zai sauke shi a ƙofar asibiti. Ana cikin haka wata bas mai zuwa Bauchi ta iso ta tsaya, fasinjoji suka leƙo. Da suka ji mutanen gidan rasuwa ne, maza suka fara sauka suna matsawa, direban ya ce matan su shigo ko a tsaye ne, Tilde ai ga ta nan, in an yi sauri za su samu gawar ba a fita da ita ba.

Maza suka ɗaga Isa, ya cije leɓe har suka kwantar da shi a kan buhunan gingimarin. Dantong ya hau kusa da shi, aka jefa babur ɗin a baya. Matan suka shige bas ɗaya bayan ɗaya. Hassana kaɗai ta rage a tsakiyar titi, takalminta ɗaya a ƙafa. Ita ce 'yar fari a wurin mamacin, ita ya fi so, rabonta da shi tun kafin ruwa ya sauka. Ya yi ta aiko mata ta zo, tana cewa sai an sassauta aiki.

“Hassana, shiga bas,” in ji Isa daga sama. Muryarsa da ƙyar take fita. “Ga Dantong, ga Ɗanbala. Je ki gan shi.”

Direban bas ya danna hon. Asta ta leƙo ta taga da Hasiya a hannu. “Ke Hassana, taho mana, lokaci yana tafiya!”

Hassana ta je bakin tagar. Ta karɓi 'yarta ta goya ta, ta ɗaure zanen tam. Sannan ta kama hannun Asta da hannuwanta biyu.

“Yaya Asta, in kin shiga ki dafa masa goshi a madadina. Ki ce Hassana ta taho, ta zo har gada.”

Ba ta jira amsa ba. Ta juya ta kama ƙarfen gingimarin, Ɗanbala ya tura ta, ta haye kan buhunan. Ta ɗauki kan mijinta ta ɗora a cinyarta, ta cire mayafinta ta tallafe masa hannun da shi. Bas ta tashi ta tsallaka gada, gingimari ta ja ta fara hawa gangaren a hankali. Hassana ta zauna tana fuskantar baya, tana kallon bas ɗin har ta sha kwana. Sai a lokacin ta saki kukan, tana kiran Baba, hannunta ɗaya yana share wa Isa ƙasar da ke fuskarsa.